Ni Na Nuna Mata Ƙofar Gidana

Hajiya Surayya, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni. Na daɗe ina karanta wannan fili naki, in ga matsalar mutane in ce Allah ya kyauta in wuce, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan zauna in rubuto miki ba. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran ukun na yayyaga su. Akwai taron dangi da za a yi ranar Lahadi ta sama, kuma ban san da wace fuska zan shiga wurin ba. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, amma maganar babu ƙari babu ragi.

Shekarata arba'in da biyu. A Fagge aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakanmu ne ya zo daga ƙasar Yarbawa da fatauci ya zauna. Sana'ata gyaran keken ɗinki. Ina da ɗan shago a layin teloli, gidana kuma yana cikin lungun da ke bayan shagon, tafiyar da ba ta kai minti uku ba. Matata Falilat, shekararmu goma sha shida da aure, 'ya'yanmu biyu, babban shi ne Habeeb.

Akwai wata ɗabi'a tawa da ya kamata ki sani, don maganar a kanta take. Tun ina aji huɗu a sakandare nake rubuta abin da ya faru da ni a ɗan littafi. Keken wa na kwance, me ya same shi, wa ya zo shago, me ya ce, da ƙarfe nawa. Mutanen layi har Sakatare suke kirana. Ba wayo ne ya sa nake yi ba, ban yarda da kaina ba ne. In ban rubuta abu ba, gobe sai in fara shakkar ko ya faru.

Kin san yadda unguwarmu take. Mata suna tahowa daga nesa sayen yadi ko kawo ɗinki, azahar ta riske su a hanya. Mu maza sai mu shiga masallacin layi, su kuwa ba su da wuri. Abin da muka tashi muka tarar shi ne mace ta yi sallama a kowane gida, a ba ta buta da abin salla, ta yi sallarta, ta sha ruwa, ta yi godiya ta tafi. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, buta guda ta ware wa baƙi, ba ma taɓa ta.

Ranar wata Talata, saura kwana goma sha biyu Babbar Salla, shago ya cika maƙil, kowane tela keken sa ya tsaya kuma kowa a ranar yake so. Wajen ƙarfe biyu da kwata maƙwabciyarmu Falmata ta kira ni a waya tana kuka, ta ce in bar duk abin da nake yi, an tafi da Maman Habeeb asibiti.

Ga abin da ya faru, kamar yadda Falilat ta faɗa daga baya. Yara suna makaranta, ita kaɗai ce a gida. Wata mata mai koren hijabi ta yi sallama tana neman wurin salla. Ta buɗe mata, ta ba ta buta, ta shimfiɗa mata abin salla a ɗaki, da ta ga ta tayar da kabbara sai ta koma kicin tana duba tukunya. Ba ta ji shigowar mace ta biyu ba. Abin da ta sani kawai an buga mata wani abu a ƙeya. Taɓaryar gidanmu ce, wadda take daka kayan miya da ita. Suka ɗaure mata hannu da ɗankwalinta, suka toshe mata baki, suka ɗauki akwati biyu suka fita.

Akwatunan ba namu ba ne. Na yayata ne, Anti Ramota, kayan bikin 'yarta Kaosarat. Leshi, atamfa, ashoke (saƙin Yarbawa) da aka saƙa musamman, da sarƙar zinariyar mahaifiyarmu wadda ita kaɗai ta rage mana daga kayanta. Anti tana zaune a gidan haya mai yawan mutane a Sabon Gari, ta ce ba ta yarda da 'yan gidan ba, shi ya sa ta kawo ajiya wurinmu.

Hajiya, da rana tsaka fa. Mutanen lungu sun ga mata biyu ɗauke da akwatuna sun nufi adaidaita sahu a bakin titi. Da yake kowa ya san biki ya matso, sai suka ɗauka dangi ne suka zo kwasar kayan amarya. Akwai wanda har ya ce musu Allah ya sanya alheri, suka amsa da amin. Ƙaurin miyar da ta ƙone ne ya sa Falmata ta leƙo. Ta tarar da Falilat kwance cikin jini a ƙofar kicin, abin sallar yana nan a shimfiɗe, ƙasan butar bai ma bushe ba. Har yau na kasa mantawa cewa matar sai da ta yi alwala.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na isa asibiti da baƙin man keke a hannuna. An yi mata ɗinki bakwai, an naɗe kan da bandeji, fuska ta kumbura. Ta ɗago ido ta ganni. Ban ce sannu ba. Ban ce Alhamdulillahi da kika rayu ba. Kalmar farko da ta fito daga bakina, a gaban Falmata da nas, ita ce, “Me ya sa kika buɗe mata?” Ta dube ni, duban da ya daɗe, ta juya fuskarta bango.

Daga nan kowa ya ɗauka. Ban sani ba ko ni na buɗe musu hanya. Anti Ramota ta zo asibitin tana buga cinya, ta ce mace mai 'ya'ya biyu, da furfura ta fara fito mata, a wannan zamani ta mayar da gida kamar tashar mota, kowa ya ƙwanƙwasa a ce bismillah. A layin teloli masu zuwa jaje sai su ce Allah ya kiyaye gaba, sannan su ƙara da cewa ai mata ba su da lura. Abokina Augustine, wanda nake sayen kayan gyara a wurinsa a kasuwar Sabon Gari, ya ce shi matarsa ko limamin cocinsu ne ya zo ba ta buɗewa sai ta kira shi a waya. Muka yi dariya. Ni ma na yi, Hajiya. Falmata ce kaɗai ta ce ku ji tsoron Allah, wace ce a cikin matanku za ta iya kallon mace da hijabi ta ce mata je ki yi sallarki a titi? Ba wanda ya amsa mata. Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, an ɗauki bayanin Falilat ina tsaye a gefe, ta ce wata mata ce mai koren hijabi ta nemi wurin salla ta buɗe mata. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Kwana tara ban taɓa littafina ba, abin da bai taɓa faruwa ba ko da mahaifiyarmu ta rasu. Ranar Alhamis da hantsi shago ya ɗan yi sauƙi, na ce bari in cike giɓin. Na buɗe shafin Talatar. Ga rubutuna, da birona, layi na ƙarshe kafin wayar Falmata:

“1:35. Wata mata mai koren hijabi da jakar leda, ta ce daga Rijiyar Lemo ta zo sayen yadi, tana neman wurin salla. Na tura ta wurin Maman Habeeb. Allah ya karɓa.”

Na karanta ya fi sau goma. Na zauna a kan akwatin kayan aiki. Sai komai ya dawo mini. Ina durƙushe gaban wani keke, ta tsaya a bakin shago ta yi sallama da ladabi, ta kira ni Alhaji. Na miƙe na fito har waje na nuna mata lungun da sukudireban da ke hannuna. Na ce ƙofa ta uku mai shuɗin fenti, ki ce Baban Habeeb ne ya turo ki. Haka nake gaya wa kowace. A mako nakan tura biyu ko uku, kuma ina jin daɗin abin, ina ganin na gaji uwata.

Da yake ni mai bin diddigi ne, sai na ɗauko tsofaffin littattafan ina dubawa, da fatan in sami abin da zai ɗan wanke ni. Abin da na samu ya fi muni. A na bara, watan Maris, na rubuta: “Falilat ta ce ba ta jin daɗin yadda nake turo mata mutanen da ba ta sani ba. Na ce mata lada muke nema.” A watan Nuwamba kuma: “Ta sake maganar baƙi. Ta sa sakata a ƙofa, ta ce daga yau sai wadda ta ambaci sunana za ta buɗe wa. Na ce ta cika tsoro.” Kin gani? Matar da ake cewa ba ta da lura ita ce ta sa sakata. Ni ne na ba ɓarauniyar abin da zai buɗe ta.

Akwai abin da yake cina. Shin da gaske mantawa na yi? Ranar nan mutum ya fi arba'in da suka zo shagona, kuma ruɗewa ta sa ko takalmina ban sa daidai ba. Amma na ji Falilat da kunnena ta ce koren hijabi. Ko dai wani wuri a cikin zuciyata ya gane tun a lokacin, shi ya sa na yi saurin jefa mata tambayar kafin ita ta jefo mini? Ko shi ya sa na ƙi buɗe littafin kwana tara? Wallahi ban sani ba. Na yi ta juya abin har kaina ya yi ciwo.

Yau mako uku da kwana biyu ke nan da na sani, ban gaya wa kowa ba. Ita ma ba ta ce komai ba. Tana dafa mini abinci, tana amsa gaisuwa, tana cewa a dawo lafiya, amma kamar da baƙo take zaune. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kai yana yawan sara mata, kuma da ta ji sallama a ƙofa sai jikinta ya ɗauki rawa. Makon jiya na dawo cin abincin rana, wata mata ta yi sallama tana neman ruwan sha. Ludayi ya faɗi daga hannun Falilat. Ta ɗaga murya ta ce, “Wa ya turo ki?” Amma ba ƙofar take kallo ba, ni take kallo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin abinci, ban san ma me nake taunawa ba. Sau biyu na yi niyyar magana da safe, ina fara “Maman Habeeb” sai ta ce shayinka zai huce, ta tashi.

An ɗaga bikin da wata guda. Anti Ramota ta rantse Falilat ba za ta taka wurin ba sai ta ba ta haƙuri a gaban dangi. Ƙanen mahaifinmu, Baba Quadri, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya sa taro a gidansa ranar Lahadi. A al'adarmu matar ƙane za ta durƙusa gwiwa biyu a gaban yayar miji, ta amsa laifi, dattawa su sa baki, a wuce wurin. Da aka kawo saƙon, Falilat ta ce to, Allah ya kai mu. Jiya na ga ta wanke zanen da za ta ɗaura ta goge shi.

Na ware shafi guda a littafina na rubuta a sama: Laifin wa? Na sa Falilat, don ta bar baƙuwa ita kaɗai a ɗaki kuma ba ta mayar da sakata ba. Na sa Anti, don ta yi ta shelar kayan bikin har kowa ya sani. Na sa mutanen lungu da suka gani suka yi shiru. Na sa kaina. Kullum sai in sauya wanda ke sama. Wata rana in ce ai alheri na yi, mutum ba ya sanin gaibu. Wata rana in ce da hannuna na ɗaga taɓaryar nan.

Wani ɓangare na zuciyata yana cewa in yi shiru, durƙuson minti biyar ne, biki ya wuce, zumunci ya tsira, tunda ita ma ta zaɓi ta rufa mini asiri. Idan na yi magana, Anti ba za ta taɓa yafe mini sarƙar uwarmu ba, ita ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ita ta kai ni koyon sana'a. Mutanen layi kuma za su san na zauna ina dariya ana zagin matata a kan abin da ni na jawo. Ɗaya ɓangaren yana cewa idan gwiwarta ta taɓa ƙasa ina zaune ina kallo, na rasa ta ke nan ko da za mu shekara hamsin a ɗaki ɗaya.

Hajiya, laifin wa ne? Kuma me zan yi? Ki gafarce ni da tsawon takarda.

Naki,
Mai Gyaran Keke, Fagge

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Gyaran Keke.

Na sa wasiƙarka gaban sauran saboda Lahadin nan. Da farko ina yi muku jaje, kai da Maman Habeeb da Anti Ramota. Na karanta inda ka ce matar sai da ta yi alwala, ni ma sai da na ajiye takardar. Allah ya tona asirinsu, ya ba maiɗakinka lafiya.

Ka ɗauko shafin nan naka mai taken “Laifin wa?” ka sake dubawa. Ka sa suna huɗu. Ina matan nan biyu? Wadda ta fake da salla da wadda ta ɗaga taɓarya, ko a ƙasan shafin ba su samu wuri ba. Kai da ba ka mantuwa da ƙarfe nawa tela ya kawo keke, ka manta da masu laifin. Ba kai kaɗai ba ne, duk danginku da layinku haka suka yi. To ka rubuta su a sama, ka ja layi a ƙarƙashinsu. Laifin fashi da duka nasu ne su kaɗai, ba a raba shi da kowa.

Abin da ya rage a ƙarƙashin layin sunansa darasi. Za a iya cewa da an mayar da sakata, da an rage shelar kaya, da an tambayi masu akwati ina za su. Duk gaskiya ne, kuma yana da amfani don gaba. Amma wanda ya yi sakaci bai ba kowa izinin fasa masa kai ba. Ka lura kuma, mutane suna saurin tambayar wanda aka cuta me ya sa ya yi kaza ne don tsoro. Idan suka samo kuskurensa, sai hankalinsu ya kwanta cewa su abin ba zai same su ba. Abokinka da ya ba da labarin matarsa kansa yake lallashi. Ita kuma Falilat ba ta ma yi sakacin da ake faɗa ba. Ta hango haɗarin tun bara, ta faɗa sau biyu, ta sa sakata, ta kafa sharaɗi, kuma ranar nan ta bi sharaɗin. Mijinta ta yarda da shi.

Ina jin Anti Ramota. Ta rasa kayan 'yarta da abin tunawa da uwarta a rana ɗaya, ɓarayin ba su da adireshi, fushin kuwa yana neman inda zai sauka, sai ya sauka a kan wadda ta fi kusa kuma ba ta mayar da magana. Zafin nata gaskiya ne. Hukuncin nata ne ba daidai ba, kuma a kan rabin labari ta yanke shi. Kai ne ke riƙe da ɗaya rabin.

Yanzu naka kason. Tura mace ta yi salla ba laifi ba ne, alheri ne aka ci amanarsa, kada ka mayar da kanka mai ɗaga taɓarya. Inda ka kuskure shi ne ka riƙa neman lada da ƙofar da ba kai ke tsaye a bayanta ba, kuma da mai tsayuwar ta ce tana tsoro ka ce ta cika tsoro. Tambayar asibiti ma mai ciwo ce, amma zan iya cewa ruɗewa ce. Ko ka manta da gaske ko zuciyarka ta ɓoye maka, ni ban sani ba, kai ma ba za ka taɓa tabbatarwa ba, don haka ka daina ɓata kwanaki a kai. Abin da babu shakka a kansa shi ne daga ranar Alhamis ɗin nan. Shirun mako uku ba ruɗewa ba ne. Kullum da safe sabon zaɓi kake yi. Wannan shi ne nauyin da yake naka, kuma shi ne kaɗai wanda har yanzu kake da ikon saukewa.

Kada ka ɗauki shirunta a matsayin izini. Wataƙila asirinka take rufawa, wataƙila tana ganin ko ta faɗa ba wanda zai yarda, wataƙila kuma jira take ta ga ko mutumin da ta aura zai buɗe baki da kansa. Zanen nan da ta goge, ni a idona tambaya ce.

Ga shawarata. Gobe da safe, in yara sun tafi makaranta, kada ka buɗe shago. Ka zaunar da ita, in ta ce shayi zai huce ka ce ya huce. Kada ka miƙa mata littafi ta karanta, da bakinka ka tambaye ta a asibiti, da bakinka za ka ce ni na turo ta, kin gargaɗe ni ban ji ba, na sani tun kafin Salla na yi shiru, ki yafe mini. Kada ka haɗa da “amma”. Kada kuma ka yi ta kuka har ta koma ita ce mai rarrashinka. Ka yi shiru ka saurara. Tana iya fushi, tana iya ƙin yafewa a ranar. Haƙƙinta ne.

Daga nan ka je wurin Baba Quadri, sannan ku je wurin Anti tare kafin Lahadi, don kada ta ji abin a bainar jama'a ta ga an kunyata ta. Za ta yi faɗa, ka ɗauka. Matar da ta riƙe ka ta kai ka koyon sana'a ba za ta yar da kai a kan gaskiya ba, ko da za ta ɗauki lokaci. Ka tambaye ta me za ku iya haɗawa don bikin Kaosarat ya yi kyau. Amma taron kada a fasa shi. A gaban mutane aka zubar da mutuncin Falilat, a gabansu za a mayar mata. Ba kuma ina nufin a sauya mai durƙuso ba ne, a ce yanzu kai ne ɓarawon. A taru a jajanta wa juna, a yi wa wadda ta sha duka sannu, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Haka za ka gyara maganar a layin teloli, musamman wurin waɗanda kuka yi dariya tare.

Ka koma inda kuka kai rahoto da littafinka. Kai ka ga fuskar matar da rana tsaka, ka ji muryarta, kana da lokaci a rubuce, wataƙila maƙwabtan shagonka ma sun gan ta. Wannan bayani zai iya hana a buga wa wata matar taɓarya a wani lungun. Ka kuma mayar da Falilat asibiti a duba kunnen da ciwon kan, ka gaya wa likita maganar rawar jikin, don shi ma ciwo ne kuma ana maganinsa. Ka yi wa Falmata godiya ta musamman.

Al'adar mahaifiyarku kuwa, ba na son ɓarayi biyu su kashe ta. Ku yi magana da dattawan masallacin layinku a keɓe wa mata ɗan wuri da labule da buta. Ƙofar gidanka kuma daga yau mai zama a bayanta ce za ta ce a buɗe ko a bari.

Ka ce in ba ka rubuta abu ba kana shakkar ko ya faru. To wannan ka rubuta shi, ya faru, kuma mutum biyu ne suka sani. Ɗayan ta ɗauki ɗinki bakwai da zagin mako biyar ba ta ambaci sunanka ba. Ranar Lahadi, kafin gwiwarta ta taɓa ƙasa, ka miƙe tsaye ka ambace shi da kanka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Anti Ramota, ya mayar wa Maman Habeeb da lafiyarta da natsuwarta, ya sa a yi bikin Kaosarat kuna zaune a tabarma ɗaya.

Hajiya Surayya